Wane Gyara Zan Iya Yi wa Tirelata da Hannuna?

TAMBAYA: Bayan shekara 11 ina jan motar wani, Allah ya hore mini tawa, ina ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas. Kan motar kullum yana gun bakanike, amma bodin baya sai ya lalace nake tuna shi. Me zan iya yi masa da kaina?

Direba, daga Kano

AMSA: Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. Ba kai kaɗai ba ne, Malam direba. Bodi ba shi da inji, ba ya kuka, shi ya sa ake mantawa da shi, alhali a kansa buhunan suke.

Da iska za ka fara, don ita ce birkinka. Iskar da kwamfaresa ke turowa da ɗuminta take zuwa, in ta huce a tanki sai ruwa ya kwanta a ƙasa, balle da damina ka ƙetare Jebba ka shiga raɓar kudu. Ruwan nan shi ke cin bawul da tsatsa. Kowace yamma ka ja ɗan makunnin da ke gindin tankin har iska ta fito a bushe. In ka ga tana haɗe da baƙin mai, kwamfaresa ne ke amai, wannan kuma na bakanike ne.

Sai tiyo biyun da ke haɗa kai da bodi. Jan tiyon shi ke cika tankin bodi, in ya tsinke birkin baya ya kame da kansa. Rawayan (shuɗi ne a motocin Amurka) shi ke kai saƙon ƙafarka, kuma shi na fi tsoro: in yana yoyo, ka taka birki a gangara, bodi ya ci gaba da ingizo ka. Ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Sau da yawa 'yar robar bakin ce kawai ta mutu.

Duk tayar da mai faci ya kwance, ka sake ɗaure notinta bayan kilomita 50 zuwa 100. Zanen tsatsa da ke gangarowa daga noti alamar ya saki ne. Amma ka hana yaronka hawa bututu yana tsalle a kan sifana, ƙusar miƙewa take yi har ta karye. Iskar taya da sassafe ake aunawa, da geji, dukan sanda ba ya gaya maka komai sai wadda ta sace. In kun tsaya shan shayi a Tafa ko Mokwa, ka kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace taya, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ko boris ne ko birki ke kamawa.

Farantin da bodi ke hawa kuwa, kankare tsohon giris za ka yi kafin ka sa sabo, don ƙurar hunturu ta mai da shi kamar yashi.

Abu ɗaya na roƙe ka: tukunyar birki mai sifirin a ciki, kada ka kwance ta ko da wasa. Sifirin ɗin a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum, sabuwa ake sawa ɗungurungum. Kuma kafin ka shiga ƙarƙashi, ka sa waigi a taya, ka zare makulli ka jefa aljihu.