Jan Hankali Ga Ma'aikatan Asibiti Game Da Shan Taba

Duk wanda ya san Dei-Dei ya san gari ne na masu neman halal da guminsu, tun daga 'yan katako da ke wuni cikin ƙurar zarto, har zuwa masu dakon siminti da mahauta da fataken shanu, kuma galibin waɗannan bayin Allah ba su kan tunkari asibiti ba sai tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. To, idan irin wannan mutum ya zo, malamin asibiti ya sunkuya zai saurari ƙirjinsa, sai ga warin taba na fita daga bakin mai dubawa, ko da kuwa an bi ta da goro ko alewar Tom Tom, ta ina nasiha za ta shiga kunnen majinyaci?

Ba jahilci ke kai ma'aikacin lafiya ga wannan hali ba, domin ɗalibin da ke koyon jinya ko likitanci a Gwagwalada ya haddace illolin taba fiye da haddar da ya yi wa karatun allo. Sababin dai yakan zama kwanan karatu gab da jarrabawa, sa'an nan aikin dare, inda mutum ɗaya ke tsaron ɗaki guda na marasa lafiya, barci na fizgarsa, har ya saba zagayawa bayan ɗakin janareta ya zuƙi kara ɗaya. Sinadarin nikotin kuwa cikin 'yan daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa abin da aka fara domin korar gyangyaɗi yakan rikiɗe ya zama jaraba. Shisha ma, wadda samari ke ɗauka ado ce, taba ce a cikin wata riga.

A ƙasar Birtaniya, cikin 1951, wasu masu bincike, Richard Doll da Bradford Hill, suka fara bibiyar likitoci wajen 40,000, suna rubuta mai shan taba da marar sha, da ajalin kowa. Bayan shekara 50 hujja ta tabbata cewa mashayi na rasa kimanin shekara 10 daga tsawon rayuwar da aka saba gani, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 kusan ya kuɓuta, wanda ya bari a 50 kuwa ya rage rabin hatsarin. Abin lura, Doll da kansa mashayin taba ne, ya jefar da ita da ya ga abin da lissafinsa ya nuna. Likitocin ƙasar suka riga jama'a bari, jama'a suka bi sawu.

A Najeriya kuwa, hukuma ma ba ta yi shiru ba. Tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka hana busa hayaƙi a wuraren jama'a, dokar 2015 kuma ta ƙarfafa hanin a asibitoci, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da kara ɗaiɗai. Sai dai fa mai tebur bai fasa ɓalle kwali ba.

Amma hanyar bari, wajibi ne mai niyya ya tsayar da rana, ya sanar da abokan aikinsa na dare, ya daina ajiye ashana a aljihun farar riga. Tsananin marmari, da ƙunci, da saurin fushi sun fi yawa a makon farko, su kan lafa cikin 'yan makonni, kuma kowane taso na marmarin mintoci kaɗan ne yake wucewa. Akwai cingam da filastar nikotin ga wanda abin ya yi wa katutu, ba kuwa abin kunya ba ne likita ya nemi likita. Wanda ya iya kame baki daga alfijir zuwa magariba cikin Ramadan, sai ya sa ranarsa a farkon watan, ya kiyayi lokacin buɗa baki, domin a nan ne mafi yawa ke komawa.