Ga masu kula da gidajen tarihi

Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san ni'imar ginin ƙasa: kaurin bango kaɗai kan sanyaya ɗaki. In bangon ya zaizaye, a kira maginan gargajiya su yi yaɓe da makuba kafin damina. Kada a shafa siminti, don yana tsare danshi a ciki har ginin ya ruɓe. Wuta kuwa, sola ta fi janareta, ba hayaƙi, ba ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne dokin ƙofa. A yi gangare don mai keken guragu ya shiga da kansa. A rubuta bayanai da Hausa, boko da ajami, a kuma ajiye kwafin kayan tarihi da makaho zai shafa da hannunsa.