Darasin Mako: Me Ya Sa Zuwa Ya Fi Dawowa Daɗewa?

Darasinmu na wannan mako ya haɗa lissafi da labarin ƙasa, kuma zai kai mu tsakiyar Tekun Fasifik.

A can akwai tsibirin Ista, wanda mazaunansa ke kira Rapa Nui, mallakin ƙasar Chile ta Kudancin Amurka. Filin jirgin samansa, Mataveri, yana cikin waɗanda suka fi nisa da kowane filin jirgi a duniya. Tsakaninsa da Santiyago, babban birnin Chile, akwai kilomita kusan 3,760, kuma kusan duk hanyar ruwa ne. Jirgi kan yi awa biyar da rabi ko kusa da haka kafin ya isa tsibirin, amma a dawowa awa huɗu da rabi kan ishe shi. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya. To, ina bambancin ya fito?

Mu tuna ƙa'idar da muka koya a aji: idan aka raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. Mu ɗauka jirgin yana gudun kilomita 850 a awa. Idan muka raba 3,760 da 850, za mu sami awa huɗu da minti 25.

Sai dai iskar sama ba a tsaye take ba. A wannan yanki yawanci daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tsibirin kuwa yana yamma da Santiyago. Mu ƙaddara ƙarfinta kilomita 100 ne a awa. A zuwa jirgi yana fuskantarta, gudunsa ya koma 750, wato awa biyar. A dawowa tana tura shi, gudunsa ya kai 950, wato kusan awa huɗu. Mu ƙara rabin awa na tashi da sauka, sai lissafi ya fito daidai.

Wannan lissafi ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Da yake babu wani fili kusa da za a karkata a sauka, dole matuƙi ya san yawan man da zai ɗauka tun kafin ya tashi. Kuskure a nan rayukan fasinjoji zai shafa.

Kada kuma mu manta da agogo. Tsibirin yana bayan Santiyago da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 9 na safe zai sauka 12:30 a agogon tsibirin, ba 2:30 ba.

Ga tambayar mako: jirgi ya bar Mataveri ƙarfe 3 na yamma. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Santiyago? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiyarmu kafin Juma'a.