Darasi na Tara: Jirgin Sama a Matsayin Idon Mayaƙan Ruwa

Gabatarwa

Wannan darasi zai yi tsokaci ne a kan yadda mayaƙan ruwa suka fara amfani da jirgin sama wajen sintiri da leƙen asiri, domin ɗalibi ya naƙalci dabarar jero bayani daki-daki bisa tarihi.

Matsalar Hange

Kasancewar duniya a mulmule take, mai gadin da ke tsayin mita 30 a kan jirgin ruwa, iyakar ganinsa a doron teku ba ta wuce kimanin kilomita 20. Amma wanda ya lula sama har mita 1,000 yakan hangi fiye da kilomita 100. Wannan ne ya sa aikin farko da aka ɗora wa jirgin sama shi ne gano inda abokan gaba suke.

Matakan Farko

A watan Maris na 1910, Bafaranshen nan Henri Fabre ya tashi da jirgin sama daga kan ruwa. A watan Nuwamba na shekarar, Eugene Ely na Amurka ya tashi daga kan jirgin yaƙi mai suna Birmingham.

Misalai Biyu

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg ya ɓuya a bakin Kogin Rufiji, cikin ƙasar Tanzaniya ta yau. A watan Yuli na 1915, jiragen saman Ingila suka riƙa shawagi a kansa, suna sanar da 'yan igwa ta wayar iska inda harsashinsu ke faɗawa, har aka ragargaza shi.

Saɓanin haka, a gwabzawar Jutland ta ranar 31 ga Mayu, 1916, matuƙi Frederick Rutland ya hango jiragen Jamus, ya kuma aika saƙo, sai dai jirgin ruwan da ya karɓa bai samu isar da shi ga kwamanda ba.

Kammalawa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To amma misalan nan sun nuna cewa a fagen daga, ganin matuƙi ba ya amfanar kowa sai labarinsa ya kai kunnen mai yanke shawara a kan kari.

Auna Fahimta

1. Me ya bambanta abin da ya faru a Rufiji da na Jutland?
2. Fito da kalmomin aro guda biyar daga wannan darasi, tare da bayyana asalinsu.
3. Ta yaya za ka koyar da ma'anonin kalmar "jirgi" ga 'yan aji huɗu na firamare?