Yaƙin Satiru

Yau za mu karanta labarin wani ƙauye wanda babu shi yanzu. Sunansa Satiru. Yana kudu da Sakkwato, tafiyar kamar mil 14.

Mun sani Turawan Ingila sun ci Sakkwato cikin 1903. Suka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu Sarkin Musulmi. Manya suka bi, amma ba kowane talaka ya yarda ba. Satiru ta zama matattarar waɗanda ba su yarda ba: manoma, da almajirai, da bayi masu yawa waɗanda suka gudo daga gandayen iyayengijinsu. Suna sauraron bayyanar Mahadi. Shugabansu Malam Isa ne.

Farkon 1906 wani malami makaho ya zo musu daga ƙasar Zabarmawa, ana ce da shi Ɗan Makafo. Can ya ja da Faransawa, suka fi ƙarfinsa, ya tsallako. Ya yi ta wa'azi, mutane suka yi ta taruwa.

Ran 14 ga Fabrairu Razdan Hilari ya tafi Satiru da soja masu dawaki. Ya raina mutanen. Ya wuce gaba don ya yi magana da su, soja ba su gama shiri ba. Sai mutanen Satiru suka auko. Makamansu fa mun san su, su ne na gonakinmu: gatari, da fartanya, sai 'yan baka da masu. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Aka kashe Turawa 3 da soja 25, bindiga mai ruwa kuwa ta faɗa hannun Satirawa. Malam Isa shi ma ya rasa ransa a wannan karo.

Labari ya kai Zungeru wurin Gwamna Lugga. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don yana tsoron kada ƙasa duka ta kama wuta. To, ba ta kama ba. Sarkin Musulmi ya tsaya bayan Turawa. Kada mu yi mamaki. Ƙauyen da ya ƙi Bature ya ƙi sarauta kuma, ga shi yana ɓoye bayin masu sarauta.

Aka tara soja fiye da 500 daga bariki-bariki, Manjo Gudwin ke jansu. Ran 10 ga Maris suka isa Satiru. Wannan karo ba su yi sake ba. Suka tsaya sahu huɗu, baya da baya, kowane sahu na duban waje, bindigogi masu ruwa na tsakani.

Satirawa ba su gudu ba. Suka fito fili, suka tasam ma soja a guje. Aka buɗe wuta, na gaba suka zuba. Na baya suka taka, suka sake zuwa. Mu tsaya mu duba: mai gatari sai ya kai ga mutum kafin ya sare shi, harsashi kuwa tun daga nesa yake aiki. Haka aka yi ta yi har ƙarfinsu ya ƙare. Soja suka shiga gari suka sa wuta. Mahaya suka bi waɗanda suka tsere cikin daji, suna kashewa.

An kashe mutum wajen 2,000. Da yawansu ba a bakin dāga suka faɗi ba, wurin kora ne, kuma wannan ba jaruntaka ba ce. Mata da yara wajen 3,000 aka koro zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu gidajen manya. Alhali Turawa sun ce hana bauta ya kawo su.

Aka kama Ɗan Makafo, aka yi masa shari'a a Sakkwato, aka kashe shi a kasuwa. Aka rushe Satiru. Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Tambayoyi

1. Waɗanne irin mutane suka taru a Satiru?
2. Me ya bambanta karon Fabrairu da na Maris?
3. Don me Sarkin Musulmi bai goyi bayan Satirawa ba?