Wane Aiki Za A Fara? Shawarwari Ga Gidajen Gombe

A garin Gombe ba agogo ne ke tsara aikin gida ba. Wuta ce, da ruwan famfo, da zafin rana.

1. Tun da dare a ware ayyukan gobe, kada manyan su wuce uku. Bayan sallar Isha'i maigida da uwargida su daidaita: wa zai kai yara makaranta, me za a dafa, nawa ne cefane. Gardamar kuɗin cefane a bakin ƙofa da safe tana cin lokaci, tana kuma ɓata rai.

2. A fara da abin da ba ya jira. Wutar Nepa ba ta sallama in za ta tafi, don haka kayan guga su kwana kusa da dutsen guga, caja na jone, kayan markaɗe a wanke. Da an ji yara sun yi ihun an kawo wuta, a bar komai a kama waɗannan. Haka ruwan Dadin Kowa: ranar da famfo ya kawo, a cika randa da jarkoki kafin a taɓa tsintsiya. Shara tana nan, ba inda za ta.

3. Aiki mai nauyi, kamar wanki da daka, a yi shi daga Asuba zuwa hantsi. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, sai a bar wa tsakar rana tsintar shinkafa da lissafin kuɗi.

4. Fita ɗaya ta isa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Keke Napep ba wasa ba ne. Mai tasowa daga Tumfure ko Pantami ya haɗa Babbar Kasuwa da Tudun Hatsi a tafiya guda, da jerin sayayya a takarda.

5. Waya ita ce babbar ɓarauniya. Mai ɗinki ko mai tuyar awara a gida, ki ajiye ta a ɗaki, ki leƙa WhatsApp bayan kowace salla. Mai neman ki da gaske zai kira.

6. In maƙwabciya ta shigo hira kina tsakiyar aiki, ba sai kin ɗaure fuska ba. Ki shimfiɗa tabarma ki ce, "Yaya, zauna nan, bari in sauke tukunya." Sau da yawa ma sai ta kama miki.