Haske Mai Ratsa Jiki da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa ya ga abin mamaki. Ba a tsaga shi ba, bai ji zafi ba, amma ga haƙarƙarinsa sun fito sarai a jikin takarda. Abin da ya yi wannan aiki wani irin haske ne wanda ido ba ya gani, yana ratsa tsoka kamar yadda hasken rana ke ratsa gilashi. Wani Bajamushe mai suna Rontgen shi ya gano shi a shekarar 1895. Turawa suna kiran irinsa radiyeshan, mu kuwa a cikin wannan takarda za mu kira shi haske mai ratsa jiki.

Mutane da yawa su kan yi tambaya, shin wannan haske yana taɓa ƙwaƙwalwa? Idan ya yi yawa ƙwarai, babu shakka yana taɓawa. Maganar da muke so mu duba ita ce ta ɗan kaɗan, irin wanda mutum ke samu a asibiti ko wurin aiki.

Da farko sai mu san ma'auni, gama magana ba ma'auni ita ke kawo tsoro. Abin da wata gaɓa ta jiki ta sha ana auna shi da miligire, abin da ya hau jiki duka kuwa ana lissafa shi da milisiba. Masana sun ce duk abin da bai kai 100 ba shi ne kaɗan. Ko wane mutum a duniya yana shan kamar milisiba 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, ko da bai taɓa taka asibiti ba. Hoton ƙirji guda bai wuce milisiba 0.1 ba, watau abin da mutum zai sha yana zaune a gidansa cikin mako biyu. Wayar hannu da rediyo ba su cikin wannan lissafi, nasu hasken ba shi da ƙarfin farfasa abin da ke cikin ƙwayar halitta.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana, ko wace tana ɗauke da tsarin da take bi wajen girma da rabuwa. Idan hasken ya ratsa, ya kan tsinka wannan tsari. Yawanci ƙwayar ta kan gyara kanta. Amma wadda ke cikin rabuwa ba ta da sukunin gyara, sai ta mutu ko ta ɓata hanya. Ƙwaƙwalwar babba ta riga ta ginu, yawancin ƙwayoyinta sun daina rabuwa, sabo da haka tana da juriya. Ta jinjiri kuwa, balle ta ɗan tayi, ɗanyen gini ce, kuma kowa ya san abin da ruwan sama ke yi wa ɗanyen gini.

Mafi yawan abin da aka sani an koye shi ne daga masifa. Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom na atam a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, ran 9 ga wata kuma a Nagasaki. Cikin waɗanda suka tsira akwai mata masu ciki. Likitocin Japan da na Amurka suka yi ta bin 'ya'yan da aka haifa, su wajen 1,600, shekara da shekaru, suna auna girman kansu da basirarsu da ƙoƙarinsu a makaranta. Abin da suka gani ya fito fili. Yaran da hasken ya same su suna tsakanin mako 8 da mako 15 a ciki su suka fi cutuwa, domin a wannan lokaci ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yaɗuwa da sauri, suna tafiya ko wace zuwa mazauninta. Daga mako 16 zuwa 25 ɓarnar ta ragu. Kafin mako 8 da bayan mako 25 ba a ga raunin basira ba. A lokacin nan mai hatsari, miligire 1,000 ya rage kamar maki 25 a awon basira wanda matsakaicin mutum ke cin 100. Raunin hankali mai tsanani kuwa bai bayyana ba sai da abin da ɗan tayin ya sha ya kai wajen miligire 300.

To, a lura da wannan da kyau. Idan aka ɗauki hoton ƙirjin mace mai ciki, abin da ke isa ga ɗan tayi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligire guda ba. Hukumar duniya mai tsara ƙa'idodin kariya daga wannan haske ta bayyana a shekarar 2000 cewa abin da bai kai miligire 100 ba bai zama dalilin zubar da ciki ba.

Sai kuma yaran da aka haska da nufin magani. A ƙasar Isra'ila, daga 1948 zuwa 1960, an yi wa dubban yara maganin makero na fatar kai da wannan haske, don gashi ya zube. Ƙwaƙwalwarsu ta sha kamar miligire 1,500, wanda ba kaɗan ba ne. Da aka bi sawun fiye da 10,000 daga cikinsu aka tarar ƙari a cikin kai ya fi yawa gare su, kuma makinsu na jarrabawa ya gaza na tsararsu. An bar wannan hanya da aka sami ƙwayar maganin makero ta haɗiya a ƙarshen shekarun 1950.

Na ƙasar Suwidin shi ya fi kusa da tambayarmu, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa. Tsakanin 1930 da 1959 an haska jarirai da yawa a birnin Stockholm domin kawar da wani irin jan ƙulli na jijiyoyin jini da a kan haifi yaro da shi a fata. A ƙasar nan kuwa a kan yi wa samari jarrabawar basira kafin su shiga aikin soja, sai ya zama akwai rubutaccen sakamako. A shekarar 2004 masu bincike suka fitar da abin da suka samu game da maza 3,094 waɗanda aka haska kafin su cika wata 18. Cikin waɗanda hasken bai kai ƙwaƙwalwarsu ba, kamar 32 cikin 100 sun shiga babbar sakandare. Cikin waɗanda suka sha fiye da miligire 250, kamar 17 ne kurum cikin 100. Raguwar ta soma bayyana ne daga sama da miligire 100, kuma ta taɓa saurin koyo da iya kafa hujja. Wannan labari ya firgita likitoci. Amma a shekarar 2014 aka fitar da wani binciken a kan wasu yaran na Suwidin da aka yi wa irin wannan magani, ba a kuwa sami wata raguwa ta a zo a gani ba. Malamai biyu sun saɓa ke nan. Inda suka haɗu shi ne ƙasa da miligire 100, nan babu wanda ya nuna raunin basira a fili.

Akwai wani hoto da ake kira sikanin CT, wanda ke nuna cikin kai yanki yanki. Shi ba kamar hoton ƙirji ba ne, ƙwaƙwalwar yaro ta kan sha miligire gommai a ɗauka guda. Wani bincike da aka fitar a Ingila a shekarar 2012 ya ƙiyasta cewa cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma da aka yi wa wannan hoto a kai, za a sami ƙarin yaro ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekara goma masu biyowa. Ɗaya cikin dubu goma abin kula ne. Amma yaron da ya faɗo daga bisa itace, ya suma, yana amai, jini na iya taruwa cikin kansa ya kashe shi kafin gari ya waye. Uban da ya hana a ɗauki hoton irin wannan yaro don tsoron haske ya gudu daga yayyafi ya faɗa kogi.

Tsoron kansa ma cuta ne. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl ran 26 ga Afrilu 1986, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi nazari mai tsawo, a shekarar 2005 suka ce damuwa da ɓacin rai su ne babbar matsalar lafiyar jama'a da hatsarin ya bari. Mu ma nan mun san irin wannan fargaba. Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ran 13 ga Fabrairu 1960, mutane suka shiga zullumin abin da hunturu zai kwaso ya kawo. Bayan gwaji na uku Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a watan Janairu 1961.

Abin da ya kamata mai karatu ya yi ba shi da wuya. Mace mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, ta faɗa wa ma'aikacin ɗakin hoto tun kafin ta hau gado, kada kunya ta hana ta. Wanda aka riga aka ɗauki hotonsa a wani asibiti ya adana shi ya tafi da shi, don kada a sake ɗauka a banza. Kada iyaye su matsa wa likita sai ya yi wa yaro sikanin kai don ciwon kai na kwana ɗaya, kada kuma su ƙi idan shi ya nema. Ma'aikatan ɗakin hoto su tsaya bayan garkuwar dalma, su riƙa rataya ɗan ma'aunin nan da ake ba su, gama ƙa'idar duniya ta ce kada ma'aikaci ya wuce milisiba 20 a shekara idan an daidaita lissafin shekara biyar. A ƙasar Jos kuwa, jibgin da aka bari bayan wankin kuza yana ɗauke da ma'adinan da ke fitar da wannan haske fiye da ƙasar gona. Kada a kwashe shi a yi yaɓen ɗakin kwana da shi, kada kuma a bar yara su mai da shi wurin wasa.